Kifin Birni a Zauren Labbo

"...Gajiya ta bi lafiya, sai dai na iske mijin nawa ya ƙara tsufa," in ji Nazifa, tana durƙushe gaban kakanta Labbo a zaurensa na Argungu.

Daga Birnin Kebbi ta taso, inda take karatu, da ƙunshi a hannu da magana a ciki. Tun bara tsohon ya hana Sunusi, saurayinta, turo magabata, wai bai san shi ba, kuma ba ya marmarin sani. Tsohon masunci ne, taurin kansa kuwa har kifayen gulbi sun shaida.

"Mi kinka ɗauko haka, amaryar da ba ta iya tuwo ba?"

"Bandar kihi ta."

"Kihi? Daga Birni zuwa Argungu? Wanga karatu ya gama da kanki. Gobe sai ki kawo ruwan leda ki ce in ƙara ma gulbi."

"Ai ko jiya sai da nit tuna ka. Malaminmu na falsafa yat tambaya, da mi aka gane darajar abu, da tunani ko da abin da ido ya gani, harshe ya ɗanɗana? Nic ce tunani. Mai jiran harshe ai bai hi akuya ba."

"Akuya ta taɓa cin abin da bai yi mata ba? Ni abin da ban gani ba, ban taɓa ba, babu shi. Tunaninki wa ya taɓa ƙosarwa? Miƙo nan."

Ya kwance ƙunshin yana yatsina, ya sansana, ya ɓantari gefe ya jefa baki. Nazifa ta zuba masa ido, don duk dabararta a kan wannan lomar ta rataya. Tsoho ya ƙara ta biyu, ya lumshe ido.

"Ragon ruwa na, kuma ba a gaggauta mai wuta ba. Wanda duk yaz zaɓo wanga cikin tulin kasuwa yana da haƙuri, ba a cuta tai, kuma ya san girman tsoho. Ɗan mutanen kirki na."

"Ka gan shi?"

"Sai na gan shi? Ba ni da hankali?"

"Ashe. To Sunusi na yaz zaɓe shi. Ga shi ka yanke mai daraja ido bai gani ba. Barka da shigowa ajinmu, gobe sai in sawo maka biro."

Labbo ya tsaya da ƙaya a leɓe, ya dubi kifin kamar shi ya ci amanarsa. Amma tsoho bai saba faɗuwa shi kaɗai ba.

"To ke uwar tunani, wane dogon nazari kinka yi kahin ki zaɓe shi?"

Nazifa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ganinai niy yi bakin makaranta yana hwaɗa da babur ɗinai, sai nij ji ya kwanta min."

"Ido ke nan. Akuya ta samu ƙanwa."

Dariya ta ƙwace musu gaba ɗaya, har tsohon ya ƙware. Da ya nutsa sai ya ɓalle tsoka mafi maiƙo ya miƙa mata, abin da ko ɗan cikinsa bai taɓa samu ba. Daɗi ya cika ta, ta karɓa hannu bibbiyu.

"Ki ce mai shi turo mutanenai ran Jumma'a. Amma shi biyo su, tunani ya gama nashi, saura ido. In ko ya sake aiko kihi Argungu, na hwasa sakinki."