Jar Akuyar Inna da Takardar Banki

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tsaya gaban dattawan gidanmu riƙe da takardar banki ba, akuya na leƙena ta ƙofar zaure. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, rabi da bankin, rabi da kaina. (Matata ta ce rabon bai yi daidai ba, wai kaso mafi tsoka nawa ne. Ni ban tambaye ta ba.)

Ni malamin lissafi ne a wata firamare kusa da Wagini. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ƙara wa abin muni. Mahaifinmu ya rasu tuntuni, ya bar Inna da ni da autarmu Hajara. Da aka sa ranar auren Hajara, shekara guda cif bayan kaka, Inna ba ta ɗaga hankalinta ba, don tana da awaki uku a turke, cikinsu har da wata ja mai yawan haihuwa da ta raina tun tana 'yar ƙarama. Tsarinta ɗaya ne da na kowace uwa a garinmu: awaki su hayayyafa, biki ya matso a kai su kasuwar Batsari, a saya wa amarya gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Wanda ya san ƙauye ya san gadon amarya mutuncin uwarta ne. Ranar jere mata ba fuskar amarya suke fara kallo ba.

To, sai wata safiya na ji a rediyo an ce babban bankin ƙasa ya ƙara kuɗin ruwa. Aka faɗi wani adadi mai daɗin ji. Ban tsaya na ji ƙarshen bayanin ba, na jawo kalkuleta. Da na isa makaranta ma a allon aji biyar na ƙarasa lissafin lokacin hutun tara, na ga in muka zuba kuɗi a asusun ajiya, ina ƙara dubu goma duk wata, kafin biki mun sayi gado har da madubi, da canji.

Da daddare ban iya cin tuwo ba don ɗoki. Washegari na tsugunna gaban Inna na gaishe ta, na kawo maganar.

"Inna, a sayar da awakin nan a kai kuɗin banki. Kin ga halin da ake ciki, dare ɗaya ɓarayin daji su kore su, shi ke nan. Banki kuwa ba ya cin dusa, ba ya zawo, ba ya shiga gonar mutane."

Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce Malam. Ta kalli turken ta ce, "Malam, shi wanga banki, wa ya taɓa ganin abin da ya ƙara ma wani?"

Na ce ilimi ne, Inna, lissafi ne. Na faɗi kalmar lissafi har sau uku. Maganar ɓarayin ce dai ta karya mata gwiwa, don a lokacin ba a daɗe da kore shanun wasu a wajen Karare ba. Ta ce in yi yadda na ga ya fi. Biyu muka kai kasuwa. Ita jar kuwa Goggo Dije, ƙanwar mahaifinmu da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ta ce kada a kai ta ko'ina, ita za ta saya. Ta ƙirgo kuɗi daga bakin zaninta tana wani murmushi da ban gane ba sai daga baya. Ashe akuyar da ƙaramin ciki.

Dubu ɗari da hamsin na ɗauka na hau mota har Katsina, na bi layi tun hantsi har azahar, na cike takardu, aka ɗauki hotona sau biyu don na farko na rufe ido. Da zan yi shiru da bakina da abin ya zo da sauƙi. Ina! A majalisa na faɗa, a ofishin hedimasta na faɗa, wajen mai shayi na faɗa. Har cewa na yi zamanin ajiyar dukiya a turke ya wuce. (Allah Ya yafe mini, a gaban masu shanu na faɗi wannan.)

Wata biyu da cinikin, jar akuya ta haifi tagwaye a gidan Goggo. Na ce ba komai, namu na can na taruwa ba tare da wari ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita akuyar ba ta san an sayar da ita ba. Kullum da safe sai ta zagayo ta tsaya ƙofar ɗakin Inna da 'ya'yanta, Inna kuma ta ɗebo dusa daga tata ta zuba mata.

Ni kuwa duk ƙarshen wata ina zuba dubu gomata ta hannun mai POS, yana cire ladansa. Zan faɗi gaskiya: wani lokacin in wata ya yi nisa, mai ya ƙare a babur, nakan ɗan taɓa dubu biyu, dubu uku, in albashi ya zo in mayar. Ban ci ko kwabo ba. Saƙonnin banki kuwa da ke shigowa waya ban cika buɗe su ba, na fi son in ga abin a dunƙule, ya ba ni mamaki.

Ya kuwa ba ni.

Saura kwana goma biki na koma Katsina na ce a buga mini takardar bayanin asusu. Na duba ƙasa, na sake dubawa, na goge tabarau. Bayan an cire haraji, da kuɗin saƙon waya, da kuɗin kula da kati, da wasu abubuwan da ko sunansu ban iya karantawa ba, abin da ya hau kan kuɗinmu a shekara guda naira dubu uku ne da ɗari biyu da arba'in. Kuɗin motata na zuwa da dawowa a ranar kaɗai ya fi haka.

Na ce wa ma'aikaciyar, "Hajiya, an yi kuskure. Ba an ƙara kuɗin ruwa ba?"

Ta ce, "An ƙara, Malam. Amma adadin da ka ji ya fi shafar masu karɓar bashi. Mai ajiya wani ɗan kaso ake ba shi, kuma na shekara ne, ba na wata ba. Sannan duk watan da ka cire kuɗi fiye da sau huɗu, ribar watan ta faɗi. Kai wata bakwai ka yi haka."

"Wa ya gaya mini?"

"Yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

Jama'a, ku yi mana hukunci. Takarda shafi shida, rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, ana tura ka daga baya a layi, wa zai karanta? In su za su ba ka bashi, ƙarin nan ranar da aka sanar ranar zai hau kanka. In kai ka ba su ajiya, sai a auna maka da cokalin shayi, a kuma kafa maka sharaɗi. Kuɗina, in taɓa kuɗina, a hukunta ni! Na faɗi duk wannan da ƙarfi, har mai gadi ya matso yana ba ni haƙuri. Daga nan na biya wajen kafinta a Batsari, ya ce gadon da muka taya bara ya ƙara dubu ɗari da hamsin, katako ya tashi, katifa ta tashi. Kuɗinmu na nan lafiya ƙalau, ko naira ba ta ɓata ba, sai dai ba sa sayen abin da aka tara su dominsa.

Na iso gida da niyyar in ja Inna gefe in yi mata bayani a hankali. Sai na tarar da zaure cike. Baffa, yayan mahaifinmu, ya tara zaman shawarar biki, kuma ga liman a kan buzu. Ashe surutuna ya kai kunnen liman. Bayan doguwar gaisuwa liman ya gyara murya ya ce ya ji an ce wani ƙari mai yawa ya hau kan kuɗin marainiya, to wannan ƙarin riba ne, wato kuɗin ruwa, bai halatta a sa shi a kayan aure ba, sai dai a fitar da shi ga amfanin jama'a. Har sun yi shawara da masu unguwa: famfon burtsatsen bakin masallaci ya lalace, in ƙarin ya isa a gyara, in ya yi saura a yi wa makarantar allo rufi.

(Tsawon shekara ban tambayi malami ko ɗaya hukuncin abin ba. Ina sane. Tsoron amsar nake yi.)

Baffa ya ce, "To Malam, karanta muna. Nawa ne ƙarin?"

Na ce lissafin na da ɗan sarƙaƙiya.

"Ai kai ne malamin lissafin. Karanta."

Na karanta. Baffa ya karkato kunne ya ce, "Dubu ɗari uku?" Na ce a'a, dubu uku. Da ɗari biyu da arba'in. Ban san abin da ya sa na ƙara arba'in ɗin ba.

Daidai lokacin jar akuya ta leƙo ta ƙofa, bayanta tagwayen farko da suka zama manya, da wasu sababbin tagwayen da ta haifa watan jiya. Su biyar. Na ƙirga su, kowa ma ya ƙirga su. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan cikin tausayi ya ce, "To, a sayo wa rijiyar masallaci igiyar guga."

Dariyar da aka yi ban damu da ita ba kamar tambayar Inna. Tana daga bayan ƙofa inda mata ke zaune, na ji ta tambaya a hankali, "Gadon fa?" A nan ne na ji kunya ta gaske, don ba mutuncina na sa a caca ba, nata ne.

Goggo Dije ce ta fitar da mu. Ta ce a kama manyan tagwayen a kai kasuwa, gudummawarta ke nan ga ɗiyar ɗan'uwanta. "Dama dusar gidanku suka ci," in ji ta, tana kallona. Da kuɗinsu da na asusun da albashina na watan aka sayi gado da katifa. Madubi dai ba a samu ba.

Asusun yana nan ban rufe ba. In don ɓoye kuɗi daga ɓarawo da gara ne, yana da amfaninsa, amma duk wanda ya ce mini zai yi arziki da shi don an ƙara kuɗin ruwa, sai in aike shi rijiyar masallaci ya ga igiyar da har yau ake kira igiyar Malam. Wata biyar na yi ina tara kuɗi kafin na fanso jar akuya daga hannun Goggo, a kan kusan ninkin yadda na sayar mata, ko sisi ba ta rage mini ba. Ranar da na jawo ta gida, Inna ta ɗaure ta a tsohon turkenta, ta shafa mata wuya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, in rediyo ta sake magana, ka bari ta kai ƙarshe."