Yadda Ake Ɓoye Ƙusa a Gidan da Aka Hana Ƙusa

Kai kafinta ne a Riyad, iƙamarka, wato takardar izinin zama, saura wata biyu ta mutu, kafilinka, uban gidan da ya tsaya maka, kuma ya fara kallonka kamar tsohuwar fanka? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda na jera su, na lamunce maka za a sabunta maka ita. An gwada su a kan Malam Isiyaku, mutumin Funtuwa, wanda ya shekara ashirin da biyu yana buga katakon dakin, na zuba kankaren bene, kuma har yau yana nan garin.

1. Ka ce ka iya

Ranar da kafili ya karɓi aikin gina gidan katako a gonar hutun wani dattijo, Abu Mish'al, can bayan Al-Badi'a, sai ya tara ma'aikata ya tambaya wa ya san itacen balluɗ, wanda Turawa ke kira ok. Isiyaku bai taɓa ganin bishiyar ko a hoto ba. Ya ɗaga hannu. Nu'uman, shugaban ma'aikata, ɗan garinsu ne, ya rantse wa kafili cewa tun a Najeriya Baba Isiyaku ba ya taɓa wani itace sai balluɗ.

Kai ma ɗaga hannu. Mai iƙamar wata biyu ba ya tsayawa tambayar sunan bishiya.

2. Gyaɗa kai idan Bature yana bayani

Da katakon aka zo da wani tsohon Bature mai jan wuya, wanda zai koyar da aikin. Ya ce gidan nan ba a sa masa ƙarfe ko ɗaya. A sassaƙa wa wannan gungume harshe, a fafe wa wancan rami, a zura, a huda, a buga fegin itace mai kaurin babban yatsa. Shi ke nan. Ya ce a ƙasarsu akwai irinsa da ya shekara ɗari biyar a tsaye.

Isiyaku ya gyaɗa kai har sau uku. Da suka koma gefe ya ce, "Nu'uman, tsinken tsire zai riƙe wannan gungumen? Mutum takwas fa muka ɗaga shi."

"Baba, ka yi shiru. Haka mai gida yake so. Har ya gaya wa abokansa gidansa ba ƙusa."

"To Allah ya kyauta."

Lura da wannan addu'a. Duk kafintan da ya ce Allah ya kyauta, ya riga ya yanke abin da zai yi.

3. Nemo dalilin da zai hana ka jin kunya

Ba a yin aikin ɓoye da zuciya biyu. Isiyaku ya samu nasa dalilin ranar da aka tsayar da ginshiƙai aka ɗora na sama. Zafin Riyad ya fara shanye ruwan itacen, sai ka ji ya yi ƙara, tas, kamar an harba bindiga. Baturen ya ce lafiyarsa ke nan, haka yake yi idan yana bushewa. A daidai lokacin jikokin Abu Mish'al uku suka shigo da gudu, suka zauna a ƙarƙashin babban gungumen suna shan askirim. Ƙaramar sa'ar Amal ce, autar Isiyaku, wadda ya bari a gida tana rarrafe.

Ya tsaya yana kallon fegin nan, yana kallon kan yarinyar, har aka kira shi sau biyu bai ji ba. Tsoro ya ji na gaske, kuma ba na iƙama ba.

4. Zaɓi lokaci

Tsakar rana, lokacin da aka tashi daga aiki saboda zafi. Baturen yana cikin mota da na'urar sanyi, ya rufe fuska da hula. Sauran suna kwance a inuwa bayan shinkafa. Ba mai hawa tsani a wannan rana sai mahaukaci ko mai gaskiya.

Kada ka buga kai tsaye. Balluɗ ba katakon dakin ba ne: ƙusoshi huɗu na farko sun lanƙwashe a hannun Isiyaku kamar taliya. Fara hudawa da siririn bakin injin, naɗe kan guduma da tsumma, ka buga inci shida har kanta ya nutse. Sannan kwaɓa garin katako da gam, toshe ramin, goge da yatsa. Isiyaku ya yi haka kullum, sati biyar. Baturen ya shafa wata mahaɗa da ke ɗauke da ƙusa uku a ciki, ya ce bai taɓa samun ɗalibi mai hannu irin wannan ba.

Karɓi yabon. Ba ƙarya ya yi ba.

5. Kada ka halarci walimar buɗe gida

Nan Isiyaku ya kauce wa shawarata, ya je, har da sabuwar hula. Abu Mish'al ya shimfiɗa darduma a barandar gidan, aka kawo gahawa da dabino, yana zagayawa da baƙi yana cewa su nemo masa ƙarfe ɗaya in sun isa. Don baƙi su ji sanyi, tun jajibiri ya sa an kunna bututun nan masu feshin ruwa kamar hazo, aka bar su suna yi.

Abin da ba a koya wa mai aikin dakin shi ne, balluɗ da ƙarfe ba sa shiri. Muddin danshi ya shiga tsakaninsu, itacen sai ya yi baƙi. Kafin la'asar kowace mahaɗa a barandar ta fito da ɗigo baƙi ƙirin, yana gangarowa kamar kwallin mai kuka. Wani baƙo ya tambaya ko ado ne. Baturen ya sa wuƙa ya ƙwaƙule ɗaya, ya ga kan ƙusa yana kallonsa, ya zauna a ƙasa.

6. Idan an kama ka, tsaya a wurin

Kafili ya juya kan Nu'uman, tunda shi ya yi rantsuwa. Ya ce gobe zai buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

Isiyaku ya ajiye kofin gahawa. "Ya mudir, ni ne. Yaron nan bai sani ba."

Abu Mish'al ya matso. "Lesh, ya Ishaƙ? Me ya sa?"

"Jikokinka na zama a ƙasa, ya shaihi. Ban yarda da tsinke ba."

Ba zan ce maka dattijon ya rungume shi ba, don bai yi ba. Cewa ya yi, "Guda nawa?"

"Na baranda kun gani. Sauran suna ciki."

"Ina?"

"Ni kaɗai na sani."

7. Yanzu ka huta

Ka ga inda dabarar take. Ruwa bai shiga ɗakuna ba, don haka na ciki ba su nuna kansu ba, kuma toshiyar Isiyaku ko shi sai ya lalluba. Mai gida yana son gidansa ba ƙusa kamar yadda ya faɗa wa mutane. Ba a korar mutum ɗaya tilo da ya san inda suke. Kwana uku aka sabunta iƙamar, ta Nu'uman ma ba a taɓa ba. Isiyaku ya kira matarsa Zaituna ya ce an ƙara masa shekara. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Baban Amal, hannunka ne ya jawo." Ya ce haka ne.

Mai wayo zai riƙa tuna ƙusa ɗaya a sati, ya ci shekara huɗu. Isiyaku wata huɗu ya yi ya cire ɗari biyu da sha ɗaya. Ranar cire ƙusa ta ƙarshe, wadda ke cikin babban gungumen, ya sa aka fitar da kowa, ya ba Nu'uman abin zarewa ya hau tsani, shi kuma ya tsaya a ƙasa daidai tsakiya. Ya ce in zai faɗo, ya faɗo a kan wanda ya dace.

Ƙusar ta fito. Ya jira. Ko ƙura ba ta zubo ba.

Ya zauna a dandamali da gwangwanin lanƙwasassun ƙusoshi a cinya, ya ji wani baƙin ciki da bai ji ba ranar da aka kama shi. Nu'uman ya ce, "Baba, ai murna za ka yi." Ya ce yana yi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa riƙe guduma ba, kuma ranar da abin ya faru yana Al-Murabba yana shan shayi. Idan an kore ka, kai ka ɗaga hannu. Idan gidan ya faɗi, ba ruwana. Idan kuma ya tsaya, kada ka zo kana yi mini alfahari, don kai ma ba ruwanka.