Ginshiƙin da Ya Tsone wa Alhaji Ido

Wani attajiri ne a Kano, Alhaji Mamuda, ya tashi gina bene mai hawa huɗu a bakin titi: ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Ya ɗauko Injiniya Tasi'u ya zana masa ginin, ya kuma tsaya a kan aikin. To shi Alhaji mutum ne mai zumunci, don haka bai yarda an sayi rodi a kasuwa ba, sai ya ba ƙaninsa Ɗan'azumi kwangilar kawowa. Ranar da aka sauke kayan, Tasi'u ya ɗaga rodi ɗaya ya ga abu siriri kamar tsinken tsire, har yana rangaji don kansa. Ya yi magana, ya yi faɗa, ya yi fushi ya tafi gida, aka bi shi da ban baki. Da ya ga ba za a canza ba, sai ya ƙara ginshiƙi guda ƙato a tsakiyar babban shagon ƙasa, ya ɗora masa nauyin duk abin da ke sama. Tun daga nan kullum ya zo wurin sai ya shafa ginshiƙin nan, don ya san shi ne ke tsakaninsa da gidan yari.

Gini ya kammala, har masu haya sun fara hawa da tukwanensu da 'ya'yansu, sai wani mai sayar da gadaje ya kama babban shagon. Ya ce shago ya yi, amma ginshiƙin nan yana tare wa masu wucewa ganin kaya. Washegari Tasi'u ya iso ya tarar da ƙarti biyu riƙe da manyan gudumomi, Alhaji na tsaye yana nuna musu inda za su fara. 

Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, idan aka taɓa wannan, mutanen hawa na huɗu za su sauko shago ba ta matakala ba."

Alhaji ya ce, "Matsalarku ke nan 'yan boko, tsoro. Ka manta ranar da aka haƙa harsashi? Malamina da kansa ya binne layu a kowace kusurwa, aka yanka rago, kai ma ka ci naman."

"Na ci, Alhaji, kuma ya yi daɗi. Amma da na zauna lissafin nauyi ban sa ragon a ciki ba. Shi malam ɗin, ba ka ce za ka ba shi gida ɗaya a sama ba?"

"Na yi masa tayi. Ya ce gwiwarsa ba ta son bene."

Ƙartin nan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Abin ya ɓata wa Alhaji rai. Ya kamo hannun Tasi'u ya jawo shi waje har bakin kwalta, ya nuna sama da carbinsa.

"Injiniya, ɗaga kanka. Ka ga sararin nan, duk faɗinsa, tun kafin kakanninmu yana nan bai taɓa ruftowa ba. Nuna mini ginshiƙinsa guda ɗaya."

Tasi'u ya ɗaga kai ya duba gabas, ya duba yamma, sannan ya ce:

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe. Amma shi ba Ɗan'azumi ne ya kawo rodinsa ba."