Dakta Buroshi da Karin Kumallo Mai Ruwan Ƙasa

"Ni da kuke gani, wata uku cur na yi a asibiti, kuma ba jinya na yi ba, aiki na yi. Babu ɗakin da ban shiga ba, har na tiyata. Ciwon suga? Ai ƙaramin yaro ne a wurina. Ku ba ni mako ɗaya kawai."

Mai wannan magana, abokina, shi ne Dakta Buroshi. Kuma bai yi ƙarya ba, ya yi wata uku a asibiti. Abin da yake mantawa bai faɗa ba shi ne a kan tsani ya yi su, da bokitin fenti a hannu. Ɗakin tiyatar ma sai da aka kwashe komai aka shimfiɗa jaridu sannan aka bar shi ya shiga. Amma tun daga lokacin ko tari ka yi kusa da shi sai ya ce ka fito da harshenka.

A falon yayansa yake wannan cika baki. Yayan, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direba ne, shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon suga. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa sanin yadda ake yi da ciwon ba, don matarsa Inna ce ke yi. Ita ke haɗa masa karin kumallo, ita ke miƙa masa ƙwayar magani, shi nasa buɗe baki da ƙorafin shayi ba daɗi. Wata biyu ke nan da rasuwar Inna. Kujerarta na nan bakin taga, an fasa matsar da ita, ƙaramin kofinta mai tsagaggen baki na kife a kan kantar kwanuka kamar yana jiran ta dawo daga maƙwabta.

Babbar 'yar Baba, Anti Tela, ita ta kawo maganar. Ta ga Baba na ramewa, na'urar awon suga kuma kullum sai hawa take yi.

"Baba, ka haɗa kayanka ka dawo wurina," in ji ta. "A can zan sa maka ido."

Wurinta kuwa hawa na uku ne a wani dogon bene, babu tsakar gida, babu bishiya, tagar ma bangon wani take kallo. Baba ya dubi kujerar bakin taga, ya ce a hankali, "Uwata, in na tafi wa zai riƙa buɗe mata labule da safe?"

Nan Dakta Buroshi ya tsoma baki da jawabinsa na wata uku. Anti Tela ta dube shi sama da ƙasa.

"Shi ke nan, Baffa. Mako ɗaya. Ran Asabar zan zo in auna shi awa biyu bayan ya karya. In ya wuce ɗari da tamanin, ko kuka zai yi da shi zan tafi."

"Ki zo da alƙalami," in ji Dakta, "don ki rubuta darasi."

To, ga ilimin da Dakta ya kwaso daga kan tsani. Wata rana yana shafa bangon baranda ya ji wata nas tana ce wa mara lafiya ya rage farin burodi ya koma mai ruwan ƙasa. Kafin ta ƙarasa bayani aka kira shi ya riƙe tsani. Sauran karatun shi ya ƙarasa wa kansa. Suga fari ne, ko ba haka ba? To duk abin da yake fari ɗan'uwan suga ne. Duk abin da ya yi duhu kuwa magani ne. Likitoci sun yi shekara bakwai a makaranta suna neman abin da mai fenti ke gani da ido ɗaya.

Ran Lahadi da safe ya shiga kicin ɗin Inna da takardar nan ta kalolin fenti da ake nuna wa masu gida su zaɓa. Yana ɗaukar abu yana kara shi da takarda yana yanke hukunci. Ƙwai? Fari ciki da waje, munafuki, waje! Farin wake? Sunansa ma ya tona masa asiri. Kabeji, madarar da ba suga, duk ya tattara a kwali ya miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Maƙwabciyar, Maman Tagwaye, aminiyar Inna ce.

"Dakta, ƙwan ma?" ta tambaya. "Ai da shi marigayiya take..."

"Allah ya jiƙanta," ya katse ta, "amma ba ta yi asibiti ba."

Sannan ya zauna ya haɗa karin kumallo na farko. Burodin da ke gidan fari ne, amma wannan ba matsala ba ce ga mai sana'a: ya gasa shi a kasko har ya yi ruwan ƙasa, ya kara da takarda, ya ga ya dace da lamba ta huɗu. Ya malala masa zuma. Ya dama shayi da sugan nan mai ruwan ƙasa, cokali uku, tunda shi ya tuba ya bar farin.

Baba ya kurɓa, idonsa ya buɗe. "Kai, ƙanena, wannan magani ne?"

"Magani ne, Yaya."

"Shekara goma sha ɗaya ban sha magani mai daɗin wannan ba."

Bayan awa biyu na'ura ta ce ɗari biyu da arba'in.

Dakta ko gezau. "Shafar farko ke nan, Yaya. Ka taɓa ganin bangon da ya yi kyau a shafar farko? Sai an maimaita."

Ran Litinin aka yi shafa ta biyu: dabino cike da faranti, da lemon kwalba na malt mai kauri. Na'ura ta ce ɗari biyu da casa'in. Baba ya wuni yana shan ruwa kamar motar da lagiretonta ya huje, yana zarya tsakanin falo da banɗaki har takalminsa ya san hanya.

"Madalla!" in ji Dakta. "Ciwon ne ke fita. Ka ga ya sami ƙofa."

Ran Talata ya yanke shawarar kalar ce ba ta kama ba, sai an ƙara duhu. Ya kawo cakulan, ya kawo baƙin lemon kwalba mai gas. A lissafinsa, wannan ya yi nisa da farin suga kamar gabas da yamma. Na'ura ta ce ɗari uku da goma. Baba ya ɗaga kai ya dubi hoton Inna a bango, ya ga fuskar ta yi hazo-hazo, ya murza ido, hazon bai tafi ba. Wannan ne ya tsorata shi, ba lambar ba.

Ran Laraba, da Dakta ya shigo da tire, Baba ya ce, "Kai min ɗakin Inna. A can nake so in riƙa karyawa, ni kaɗai."

Tagar ɗakin Inna, abokina, da katangar Maman Tagwaye taku ɗaya ne. Ta nan suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri da gulma. Ta nan kuma yanzu ƙaramar samira ta fara tsallakowa kowace safiya: dafaffen ƙwai biyu, daga cikin waɗanda Dakta ya kora, da wake cikin ludayi ɗaya, da yankakken kabeji da tumatir. Baba ya ɗauko kofin Inna mai tsagaggen baki ya sha shayi ba suga, ya haɗiyi ƙwayarsa. Shayin ba daɗi, daidai yadda nata yake. Ya daɗe riƙe da kofin bayan ya shanye.

Tiren Dakta kuwa ya fito kusan yadda ya shiga.

"Yaya, ba ka ci ba?"

"Na taɓa. Maganin naka ƙarfi gare shi, kaɗan ya isa. Ƙarasa mana, kada a yi asara."

Dakta Buroshi ba ya wasa da asara. Ya zauna ya share burodi da zuma, ya bi da dabino, ya kora da malt, yana lashe yatsa yana yaba hannunsa. Na'ura ta ce wa Baba ɗari biyu da ashirin. Ran Alhamis ɗari da casa'in. Ran Juma'a ɗari da saba'in da biyar.

Ina ka ga Dakta! Ya sayo farar riga mai aljihu uku. Ya tsaya bakin shagon mai aski yana bayanin cewa zai buɗe wurin duba masu suga, da takardar kala kawai, ba allura ba layi. Sau biyu ya katse jawabin ya nemi banɗaki, sau uku ya nemi ruwa, amma wannan tsohon abu ne, ya yi watanni yana jin ƙishirwar nan, ya san warin fenti ne.

Ran Asabar Anti Tela ta iso da babbar jaka wadda ba komai a ciki, ta ajiye ta a tsakiyar falo don kowa ya gani. Baba ya dubi jakar, ya dubi kujerar bakin taga, ya miƙa yatsa. Ta huda, ta ɗiga jinin.

Ɗari da hamsin da biyu.

Ta sake dubawa. Ta zauna a hannun kujera, idonta ya kawo ruwa. Baba ya saki numfashin da ya riƙe tun ran Lahadi.

"Ina alƙalamin?" in ji Dakta, yana gyara farar riga. "Rubuta. Na ɗaya, zuma. Na biyu, dabino. Na uku, baƙin lemo..."

"Baƙin me?" Anti Tela ta miƙe. "Baffa, me ka ba ubana?"

"Kwantar da hankalinki, 'yata, ilimi ne, ba ɗinkin riga ba. Ni kaina abin da nake ci ke nan kwana huɗu. Dube ni! Kawo na'urar nan ki ga yadda jinin lafiyayye yake, ki sami abin kwatance."

Ya miƙa yatsa kamar mai ba da sadaka. Da allurar ta taɓa shi ya yi ƙara har Maman Tagwaye ta leƙo ta taga. Na'ura ta yi ɗan tunani, ta ce ɗari uku da sittin.

"Ta lalace," in ji Dakta.

"Yanzu ta auna Baba."

"To jinin Yaya ne ya rage a ciki."

Ta canza tsinke ta sake huda wani yatsan. Ɗari uku da sittin da biyar.

"Ka ga shafa ta biyu ta fi kamawa," in ji Baba.

Maman Tagwaye ta kasa riƙe dariya. Ta miƙo samirar ta taga ta ce, "Baba, ga na gobe, tunda asiri ya tonu." Anti Tela ta buɗe, ta ga ƙwai da wake da kabeji, ta gane komai. Ta juya ga baffanta.

"Ƙishirwar nan taka da zaryar banɗaki, tun yaushe?"

"Warin fenti ne..."

"Haka na Baba ya fara, shi kuma ya ce warin fetur ne. Litinin da sassafe zan kai ka asibiti. Wannan karon ta ƙofar marasa lafiya za ka shiga, ba da tsani ba." Ta ɗauki jakar da ta kawo ta dangwara masa a cinya. "Baba ya zauna a gidansa. Kai ne ba mai sa maka ido. Haɗa kayanka."

Dakta Buroshi ya rungume jakar a ƙirjinsa. Baba ya tashi ya buɗe labulen tagar Inna, haske ya sauka a kan kujerarta. Sannan ya dawo ya ɓare ƙwai ɗaya, fari tas, ya ɗora a faranti ya tura gaban ƙanensa.

"Ci, Dakta," ya ce. "In farin ne ya dame ka, ɗauko buroshinka ka shafa masa lamba ta huɗu."