Barewar da Ta Kasa Faɗuwa

A wani daji da ke tsakanin kogi da wani dogon tudu, dabbobi sun daɗe da barin tafiyar ƙasa. Tun da aka shigo musu da babur, har Kunkuru ya fara isa wurin ɗaurin aure kafin a watse. 'Yan acaɓan dajin suka kafa ƙungiya, Kure ya zama ciyaman, Kunkuru sakatare, Gwaggon Biri kuma mai ladabtarwa. Ofishinsu gindin wata tsamiya ce a bakin kasuwa, da benci ɗaya da randar ruwa.

Kowa da ɗan babur ɗinsa, irin wanda ake kira roba-roba. Babba kuwa guda ɗaya ne tak, mallakar ƙungiya, baƙi wuluk, mai ƙarar da ta sa aka raɗa masa suna Aradu. Shi kaɗai ke iya haye tudun nan ya gangara ƙauyukan da ke bayansa. Da mai riƙe da shi ya tsufa ya ajiye makulli, sai aka yi shela cewa duk mai ganin ya isa ya zo gaban majalisa.

Biyu suka fito. Akwai Zomo, wanda ya fara hawa babur bayan girbin bana. Akwai kuma Barewa, wadda ta ɗan jima tana ɗaukar fasinja ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ita ba ƙarar Aradu ce ta dame ta ba. Innarta ce ke zaune a bayan tudu, ta tsufa, gwiwa ta hana ta fita. Duk lokacin da Barewa ta gwada hawa da roba-robanta, a tsakiyar tudu yake yin tari ya mutu, ta juyo da shi tana turawa. Rabonta da ganin tsohuwar tun kafin damina.

To, ƙungiyar nan tana da wata al'ada da take ji da ita. Ba a tambayar mai neman babban babur yadda yake tuƙi. Tabo ake dubawa.

Kure ya miƙe da kyar ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a, ku dube ni da kyau. Kuna tsammanin haka aka haife ni, ƙafafun baya gajeru? Kwanar Marke ce ta mayar da ni haka, ina tafe da buhun gero biyu. A ranar na san mene ne babur. Duk wanda ƙasa ba ta taɓa karɓarsa ba, hawa kawai yake yi, bai san abin da ya hau ba. Sakatare, nuna musu."

Kunkuru ya juyo da ƙoƙon bayansa, duk faci ne. Sai aka zo kan Gwaggon Biri. Tashi kawai ya yi ya juya wa jama'a baya, aka ga inda kwalta ta kwashe gashi ta bar wurin ja jawur. Majalisa ta sunkuyar da kai don girmamawa.

Aka kira Zomo. Ya nuna gwiwa, ya nuna gwiwar hannu, ya ɗaga kai aka ga leɓensa a tsage. Manya suka gyaɗa kai. Kunkuru ya ce, "Yaron nan yana da himma. Abin da muka yi shekaru muna tarawa, shi a 'yan watanni ya haɗa."

Aka kira Barewa. Aka duba gaba, aka duba baya, fata sumul.

Kure ya ce, "'Yar nan, ko ƙunar salansa babu?"

Ta ce, "Babu, ranka ya daɗe. Ta hagu nake sauka."

Manya suka dubi juna cikin tausayi, kamar an ce musu marainiya ce. Kunkuru, da yake mai sassauci ne, ya roƙa a ba ta lokaci zuwa ranar kasuwa. In ta faɗi a gaban shaidu, ko sau ɗaya, sai a sake duba maganarta.

Kurege mai faci, abokin Barewa, ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ranar kasuwa ya kwaso yashi mai laushi ya zuba a gaban tsamiya. Ya ce, "Ki taho a guje, in kin shiga yashi ki damƙe birkin gaba. Ɗan ƙurjewa kaɗan, gobe kina gidan Inna."

Barewa ta taho. Wallahi ta yi niyya. Amma tana hango yashi, hannunta ya sassauta totur ba da shawararta ba, ta wuce lafiya lau. Ta sake zagayowa, ta kuma wucewa. Kurege ya dafe kai yana ihu, "Faɗi mana! Me ya rage?" A zagaye na ƙarshe ta rufe ido ta karkata babur, tayar baya ta zame, jama'a suka miƙe tsaye. Sai ga ƙugunta ya murɗa, ƙafarta ta dafa ƙasa, babur ya miƙe ya tsaya cak. 'Yan kasuwa suka ɓarke da tafi, sai da Gwaggon Biri ya daka musu tsawa.

Kure ya yanke hukunci. Ya ce, "Kowa ya gani da idonsa. Yarinyar nan ta so ta faɗi, babur ya ƙi. Wadda roba-roba ya ƙi bin umarninta, ina ita ina Aradu? A ba Zomo makulli."

Barewa ta tura babur ɗinta bayan tsamiya ta zauna. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta dubi tudu ta share hawaye.

Zomo kuwa ya ɗare Aradu, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa. Ya murɗe totur har ƙarshe don jama'a su ji, ya saki kuloci gaba ɗaya. Aradu ya ɗaga gaba kamar doki, ya nufi benci kai tsaye. Randa ta fashe. Sakatare ya shige cikin ƙoƙonsa. Da ƙura ta lafa, aka ga Zomo rataye a reshen tsamiya, ciyaman kuma a ƙasa yana salati, ƙafarsa ta gaba, mai lafiyar, ta karye. Shi Aradu madubi ɗaya kawai ya rasa.

Mai ɗorin dajin Damo ne, kuma a bayan tudu yake. Nan da nan masu tabo suka yi caa, kowa na cewa shi zai kai ciyaman. Gwaggon Biri ya ture su ya ce, "Ku matsa. Babu wanda ya kai ni faɗuwa a tudun nan, na san shi ciki da waje." Ya juya zai ɗaga babur. Kure, daga inda yake kwance, ya ƙura wa jan wurin nan ido na ɗan lokaci, sannan ya lumshe ido.

Ya ce, "Ku kira min yarinyar nan."

Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Ciyaman, ai ba ta cancanta ba. Yanzu ka yanke."

"Na ce ta cancanta ne? Cewa na yi ta kai ni."

Barewa ta ce ba ta taɓa hawa Aradu ba, a bar ta ta zagaya kasuwa ita kaɗai tukuna. Ta zagaya sau biyu, tana taɓa birki, tana sauraron injin, ciyaman na nishi yana jira bai yi ƙorafi ba. Sannan aka ɗora shi a baya. Tun daga gindin tudu har samansa magana ɗaya yake maimaitawa, "A hankali, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka, a hankali."

Ta sauke shi a ƙofar Damo, ta wuce gidan Inna. Tsohuwar ta ji ƙara ta rarrafo bakin zaure, ta ga 'yarta a kan wannan ƙaton abu, ta riƙe baki. Ta jawo ta, ta shafa gwiwoyinta, ta juya hannayenta, ta duba ƙafafu har ƙasa. Da ba ta ga komai ba ta ce, "Alhamdu lillahi." Barewa ta yi dariya har da hawaye, ta zauna ta ci ɗanwake kwano biyu.

Zomo ya sauko daga tsamiya da sababbin tabo masu kyau, don haka aka ba shi wuri a benci, aka kuma naɗa shi shugaban kwamitin da zai binciki ko Barewa ta isa hawa babban babur. Kafin kwamiti ya gama aiki, an bar mata makullin a matsayin aro, saboda ciyaman yana komawa wurin Damo duk mako. Matar sakatare ma tana da dangi a bayan tudu. Gwaggon Biri kuwa ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su, ko da wasa kada ya ga ɗayansu a bayan wani in ba Barewa ba. Inna har ta fara ƙorafin ana cinye mata wake.

Kwamitin yana zama duk ƙarshen wata, kuma har yau bai ga alamar Barewa ta isa ba. In an tashi, sai su yi layi ta kai su gida ɗaya bayan ɗaya.