Rasuwar Uwar Ɗaki a Hawan Genting Sempah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Ɗan'azumi na Danau Kota suna sanar da Hausawa mazauna Kuala Lumpur rasuwar motar da nahiyar Asiya ba ta taɓa ƙera irinta ba, akori-kura mai injin turbo wadda kowa ya sani da Uwar Ɗaki. Ta cika ranar Asabar bayan azahar a hawan Genting Sempah, tana janye da tirelar kwana, wato ɗaki mai taya da ake haya domin mutum ya bar gidansa ya kwana a daji da gangan.

Marigayiya ta zo hannun Malam Ɗan'azumi da shekarunta, a lokacin da ya fara digiri na uku kan tsara sufuri a jami'ar da ke Jalan Semarak. Ba ta taɓa tambayar ɗalibi ko kuɗin karatunsa sun iso ba. Duk wanda mai gida ya kora daga Cheras, ita ta kwashe masa katifa da firiji da littattafan da bai buɗe ba. Ta tarbi baƙi a filin jirgi, ta raka masu komawa gida da jakunkuna fiye da ƙima. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita ke raba tuwo da masa da Malama Barira, uwargidan Malam, take tashi tun asuba ta dafa wa masu tapau, wato masu sayen abinci a ƙunshe su tafi da shi, kuma da wannan tuwon gidan yake tsaye duk watan da gwamnati ta manta da ɗalibanta. Idan aka taka mata totur sai ta yi fito siriri, fiiiu, idan aka saki ta ce tsss, kamar dattijuwar da aka gaya wa maganar banza ta zaɓi haƙuri.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga alkawari. Barira ta shekara biyar a ƙasar nan, abin da ta sani na Malesiya bai wuce kicin da kasuwa da tagar hawa na sha huɗu ba. Buƙatarta ɗaya ce kafin su koma Kano: ta farka wata safiya a bakin rafi a Janda Baik ba ta kunna wa kowa murhu ba. Malam ya ce an gama. Ya yi hayar tirela, sannan ya yi abin da mutumin kirki yake yi idan zai yi tafiya, ya yi wa jama'a sallama.

Kafin gari ya waye tafiyar mutum huɗu ta zama ta unguwa. Najib, shugaban ƙungiyar ɗalibai, ya ce ai su ba za su takura wa kowa ba, za su biyo baya a tasu motar, kaya kawai za a riƙe musu. Kayan suka haɗa da buhun shinkafa, tukunyar gas, darduma ta falo, janareta, da turmi, saboda Indo matar Najib ba ta yarda da yajin da inji ya niƙa ba. Barira ta tsaya tana kallon bayan motar yana durƙusawa. Ta ce, "Baban Walida, anya ba a rage ba?" Ya ce, "Wa zan ce wa ya sauke nasa? Kuma turbo ba ta san nauyi ba." An rubuta wannan magana a nan domin tarihi.

Marigayiya ta hau hanyar Karak ba gardama. Fitonta ya yi tsawo, ya koma kuka, allurar zafi ta miƙe, amma ta kai su wurin hutawa na Genting Sempah. Kowa ya san injin turbo da ya sha hawa ana barinsa a kunne ya huce kafin a kashe shi. Malam Ɗan'azumi ya fi kowa sani, domin ya sha yi wa mutane wa'azin haka a mamak, wato shagon shayi da abinci, ba su tambaye shi ba. Sai dai daidai tsayawarsu aka tayar da iƙama a masallacin wurin. Ya murɗe makulli, ya ja silifa, ya samu raka'ar farko.

Da aka sallame aka tashe ta. Ta tashi, amma babu fito. Ta ɗan taɓa tafiya, ta saki hayaƙi shuɗi wanda masu babur suka riƙa kaucewa, ta ce gar, gar, gar, ta ce ƙwas. Daga nan ba a sake jin muryarta ba. Walida, 'yar Malam, ta ɗago daga waya ta tambaya da Malayanci ko an iso.

Mutanen Najib sun nuna juyayi sosai. Sun tsaya a kanta, kowa ya leƙa ƙarƙashin bonet ya girgiza kai. Daga nan suka ga bai kamata wurin da aka kama a bakin rafin ya tafi a banza ba, suka ɗauki kular dambun nama da dardumar, suka wuce su riƙe wa iyalin wuri. Barira ta buɗe tirelar a gefen titi, ta kunna murhu, ta dafa wa yara taliya, manyan motoci suna wucewa suna girgiza tukunyar. Tana juyawa hotuna suka fara shigowa wayarta. Rafin yana da kyau. Indo ta rubuta, "Maman Walida, wallahi wurin nan ke ya dace da shi."

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu yake lalubar makulli idan ya gama karin kumallo, da Barira, da yara biyu, Walida da Khalifa, da ɗalibai masu tashi daga gida ƙarshen wata waɗanda suka riga suka fara tambayar wa kuma yake da akori-kura, da safaya ɗaya mai lafiya. Burinta na ganin Kano bai cika ba, ko da yake da sitiyarinta a dama ba lalle a bar ta ta shiga ba. Bakaniken da ya duba ta a Setapak ya ce, "Tak boleh lah," wato babu yadda za a yi, ya rufe bonet a hankali.

Gawa tana garejinsa ga mai son ganawar ƙarshe. Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan ranar Juma'a bayan an sauko. Zaman makoki a mamak ɗin ƙasan bene, kowa da kuɗin shayinsa. Ana roƙon mai turmi ya zo ya ɗauki abinsa.

Game da janwe da ya jawo gawa da tirela zuwa gari, da tarar mai tirela, an riga an biya. Malam Ɗan'azumi ya miƙe a gaban jama'a ya gode wa ƙungiya kan wannan karamci, Najib kuma ya sunkuyar da kai ya ce ai yi wa kai ne. Masu zuwa gaisuwa wurin mata za su tarar Barira ta sauko da ɗankwalinta ya rufe kunnuwa. Ana roƙon kada a tambaye ta 'yan kunnen gwal ɗin da mahaifiyarta ta ba ta. Ta ce a gaya wa masu tapau tuwo zai dawo ranar Litinin, amma a yi haƙuri idan ya ɗan huce, a bas zai zo.