Garanti Har Mai'adua

Ranar Lahadi a bayan motar awaki muka dawo Daura, ni da babur ɗina. Awakin aka fara lodawa.

Ga yadda aka yi. A bakin tasha akwai wani Harisu mai lasifika. Bara maganin basir yake sayarwa, bana ya koma na inji. 'Yar kwalba ce ja, wai Wankin Ciki. Ka zuba cikin baƙin mai, inji ya ɗauki zafi, ka juye, tsohon babur ya koma saurayi.

Babur ɗin nan shi ne tuwon gidanmu, don haka na tsaya tambaya.

Na ce, "Wa ya gwada?"

Ya ce, "Karanta mana, ɗan boko. Ga hatimi."

Akwai hatimi kuwa, har da zanen tauraro. An gwada, an amince. Wane ne ya amince, kwalba ba ta faɗa ba.

"Da garanti?"

"Har Mai'adua."

Nan take ya zuba, ya juye a gaban jama'a. Mai ya fito baƙi ƙirin. Ya ɗaga murya, "Kun ga dattin?" Aka yi ta salati, har da ni. Sai a hanya na tuna, tun da nake juye ban taɓa ganin baƙin mai ya fito fari ba. Ai sunansa ke nan.

Na ɗauki maƙwabcinmu Kawu Kabo zuwa kasuwa. Ba mu yi nisa ba salansar babur ta fara aman hayaƙi.

Ya ce, "Suhaibu, turare kake mana?"

Muna isa bakin kasuwar Mai'adua inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Na buga kik har ƙafa ta sage. Kawu ya leƙa ƙasa, ya ga mai na ɗiga.

"Injin nan ya tsufa, dauɗa ce ke toshe masa ramuka. Ka je ka wanke abin da ke riƙe da shi."

"Kawu, da ka faɗa tun a gida."

"Ka tambaye ni? Kwalba ka tambaya."

To, gaisuwa ta musamman ga Rankaidaɗe Sarkin Hatimi, ko wane ne, ko ina yake. Aiki ya yi kyau. Da rana tsaka ake rantsuwa da lasifika a kan ruwan da ba wanda ya san abin da ke ciki, bai taɓa fitowa ya dame mu da bincike ba. Motarsa ba ta shan jar kwalba, shi ya sa. In an yi magana a ce za a tsaftace kasuwa. Don Allah Yallaɓai a bi a hankali, na ga abin da wanki ke yi wa tsohon inji.

Babur yana zaure, an ce sai an sauke inji. Jiya na je wa Harisu a fusace.

Ya ce, "Ka isa Mai'adua?"

Na ce na isa.

"To?"

Gaskiyarsa. Ban tambayi dawowa ba.